Kuɗin shiga, cefane, kaya ko tukunya: da me za a auna ko aikin ya taɓa gida?

Wata Hajiya mai ƙaramar ƙungiyar mata a Rigasa ce ta kira ni kwanan baya, wai masu ba su kuɗi sun ce daga bana hoton rabon awaki da bidiyon mata suna godiya ba zai wadatar ba, suna son lamba, a nuna musu a rubuce cewa gidajen nan sun canza. Ta ce Malam ai abu ne mai sauƙi, mu tambaye su nawa suke samu a wata kafin mu ba su, bayan shekara mu koma mu sake tambaya. Na ce Hajiya don Allah tsaya tukuna, wannan hanyar da kike ganin ta fi sauƙi ita ce ta fi kowacce ƙarya. Na yi shekaru ina yawo da fom a ƙauyukan Giwa da Soba da Lere da kudancin jihar nan ta Kaduna, tun muna cikawa da biro har aka koma waya da manhajar cika fom ta KoboToolbox, to abin da na gaya mata shi zan zuba a nan don na san ba ita kaɗai ba ce ke cikin wannan ruɗanin.

Mu fara da kuɗin shigan. Ma'aikacin gwamnati in ka tambaye shi zai iya faɗa maka don alat yake gani ƙarshen wata. Amma manomin masara a Saminaka fa? Kuɗinsa na shekara a wata biyu ko uku yake shigowa, shi ma ba duka ya sayar ba, wani yana rumbu, wani ya fitar zakka, wani ya biya bashin taki da shi, wani ya kai wa surukai. Da rani ya tafi ci-rani ko ya hau mashin yana kabu-kabu, matarsa tana awara ko ƙuli-ƙuli a cikin gida kuma wallahi bai san nawa take samu ba, ita ma ba za ta faɗa a gabansa ba, kuma tana da gaskiya don kuɗinta ne ba na gida ba. Sai ka zo da fom ka ce nawa gidan nan ke samu a wata. Abin da zai ba ka amsa ce ta kunya ko ta lissafi. In ya zaci tallafi ne zai ce ba ya samun komai sai rufin asirin Allah, in ya zaci bashi za a bayar zai ninka, in kuma ya ji ƙanshin haraji shi ke nan ka rasa shi. Ga kuma naira da ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS, ke nan matar da ke samun dubu 30 bara ta koma dubu 40 bana, kai ka rubuta ta ƙaru da kashi 33, ita kuwa a kasuwa tiyar da take iya saye ba ta ƙaru ba ko ɗaya. Ni dai wuri ɗaya nake yarda da tambayar kuɗin shiga, shi ne in sana'a ɗaya tak kuka tallafa, kamar injin markaɗe ko keken ɗinki, sai a ba ta littafi ko a riƙa kiranta duk sati a rubuta cinikin wannan sana'ar kaɗai. Amma fa ki sani abin da kika auna ribar inji ce, ba rayuwar gida ba.

Na biyu shi ne abin da gida ya ci ya kashe, ni cefane nake ce masa don a gane. Wannan shi ne abin da manyan hukumomi ke amfani da shi. Binciken yanayin rayuwa da NBS ta yi a 2018 zuwa 2019 da shi aka yi, aka ja layin talauci a naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wajen naira 376 ke nan a rana, aka samu kashi 40.1 na ƴan ƙasa suna ƙarƙashin layin, mutum miliyan 82.9, ban da Borno da ba a saka a lissafin ba. Kaduna ta fito da wajen kashi 43.5. Dalilin da ya sa aka fi yarda da shi a fili yake, mutum zai iya rasa kuɗin shiga wata uku amma ba zai daina ci wata uku ba, ko daga rumbu ko da bashi ko kyauta sai an ɗora tukunya, don haka cin gida ya fi tsayawa daidai a kan samu. Kuma mutane ba sa ɓoye shi kamar yadda suke ɓoye kuɗi, mace za ta faɗa maka mudu nawa ta tuƙa jiya ba tare da ta ji komai ba.

Matsalarsa wahala da tsada. Fom ɗin dogo ne ƙwarai, abinci ɗaya bayan ɗaya na kwana bakwai, sannan sabulu, kalanzir, kati, kuɗin mota, magani, kuɗin makaranta, ɗinkin sallah, har ka ga mai amsawa ya fara hamma yana ce maka eh eh rubuta haka nan. Sannan masarar da aka ɗebo a rumbu ba saya aka yi ba, sai ka yi mata kuɗi da farashin kasuwa, to wace kasuwa, ta Kawo ranar Talata ko ta ƙauyen? Ga rigimar ma'auni. Tiyar wani gari ba ita ce ta wani ba, mudu ma haka, dami kuwa kowa da girman nasa, in ba ku tafi da sikeli kun auna na kowane gari ba to kilo ɗin da kwamfuta za ta fitar muku tatsuniya ce. Kafin nan ma akwai tambayar da ke karya sababbin ma'aikata, wato wane ne gida? A rubuce an ce masu ci daga tukunya ɗaya. To shiga gidan gandu, uba da ƴaƴansa uku masu aure, rumbun gandu ɗaya, tuwon dare tare, amma kowa da gayaunarsa kuma karin kumallo kowane ɗaki da nasa, mata suna karɓa-karɓar girki, ga almajirai biyu da ke cin ragowar dare kullum. In ranar farko ma'aikaci ya ƙirga su mutum 22 gida ɗaya, bayan shekara wani ma'aikacin ya zo ya raba su gida huɗu, duk lissafin abin da kowane mutum ɗaya ke ci ya lalace ba tare da komai ya canza a gidan ba. Wannan hanya tana da kyau, ita ce ma ta fi gaskiya in an yi ta daidai, amma sai kana da kuɗin horar da mutane na kwanaki da wanda ya iya sarrafa bayanan. Ƙungiya irin ta Hajiya in ta ce za ta yi, rabin kuɗin awakin zai tafi a fom.

Sai ƙirgen kaya. Wannan shi ma'aikata suka fi so don ido ke gani, ba sai an yarda da baki ba. Rufin kwano ne ko ciyawa, daɓen siminti ko ƙasa, ruwan rijiya ko famfo, akwai rediyo, waya, keke, mashin, firij, janareto, dabbobi nawa, gona kadada nawa. Da irinsa ne binciken lafiya na ƙasa da hukumar ƙidaya ke yi, irin na 2018, yake raba gidaje kashi biyar daga mafi talauci zuwa mafi wadata, ba tare da an tambayi kowa ko kwabo ba. Minti goma ka gama, kuma hauhawar farashi ba ta taɓa shi, akuya biyu akuya biyu ce ko dala ta kai nawa. To amma kaya ba sa motsi da sauri. Ba wanda zai canza rufin ɗaki don kin ba matarsa jarin dubu 50, ke nan shirin shekara ɗaya in da wannan kaɗai aka auna shi zai fito kamar bai yi komai ba alhali wataƙila yaran gidan sun koma cin sau uku. Kuma jerin kayan da ake kwafowa daga fom ɗin wata ƙasa sau da yawa bai san mu ba. Bafulatanin da ke da shanu 40 a rugar Ladduga ba shi da firij ba shi da siminti, fom zai ce matalauci ne, ɗan haya a Tudun Wada mai talabijin da fanka wanda bai karya ba tun safe fom zai ce yana da hali. Ga kayan ɗaki, gado da katifa da kwanuka da wani lokacin har firij ɗin na amarya ne, iyayenta suka yi mata, suna nuna ƙarfin gidan da ta fito ne ba na gidan da take ba, in aure ya mutu da su za ta tafi. Abu ɗaya kuma da na sha gani, a ba mace awaki biyu sannan a koma a ƙirga awaki a ce dukiya ta ƙaru. Ai ku kuka kawo su! Abin tambaya shi ne sun haihu, sun mutu, an sayar don magani, ko mai gida ya karɓe.

Akwai ɗan'uwansa da ake ce wa PPI, ma'aunin yiwuwar talauci, tambaya goma ne kacal, gidauniyar Grameen ce ta faro shi wajen 2005, daga baya ya koma hannun wata ƙungiyar bincike kan talauci mai suna IPA, kuma akwai na Najeriya. Yadda yake aiki, an ɗauki babban binciken cefane na ƙasa an zaɓo tambayoyi goma da suka fi hasko talauci, kowace amsa da makinta, jimilla daga 0 zuwa 100, sai ka duba tebur ya faɗa maka yiwuwar gidan yana ƙarƙashin layi. Yana da amfani in kina son ki ce kashi kaza na matan da muka ɗauka talakawa ne, wato kun kai ga waɗanda suka dace. Amma hasashe ne a kan taron jama'a, gida ɗaya zai iya kuskure shi sosai, kuma ciwon da ke damun ƙirgen kaya na rashin saurin motsi shi ma yana da shi.

Inda na fi daɗewa da Hajiya shi ne ma'aunin tukunya, don shi nake ganin ya fi dacewa da ƙananan ƙungiyoyi. Hukumar abinci ta duniya WFP tana da wanda ake kira FCS, wato makin cin abincin gida. Wadda ke girki za ka tambaya, ba mai gida ba, cikin kwana bakwai da suka wuce kwana nawa aka ci kowane rukunin abinci. Rukuni takwas ne kuma kowanne da nauyinsa: hatsi da rogo da doya 2, wake da gyaɗa 3, ganye 1, ƴaƴan itace 1, nama da kifi da ƙwai 4, nono da madara 4, sukari rabi, mai rabi. Ka ninka kwanaki da nauyi ka tara, ƙololuwa 112. Bari mu yi misali, gidan da ya ci tuwo kwana 7 ya samu 14, wake kwana 3 ya samu 9, miyar ganye kullum 7, kifi sau ɗaya 4, mai kwana 6 ya ba da 3, sukari kwana 2 ya ba da 1, ba nono ba lemo, jimilla 38. A ma'aunin da aka saba 21 zuwa ƙasa mummuna ne, sama da 35 ya wadatar, ke nan gidan nan ya tsallake. Amma a wuraren da mai da sukari suke kusan kullum ana ɗaga layin zuwa 28 da 42, da wannan kuwa gidan bai tsallake ba yana tsakiya. Kin ga dole ki zaɓi layi ɗaya tun ranar farko ki rubuta ki ajiye, ba sai sakamako ya fito ki duba wanda ya fi yi miki daɗi ba. Tarkon da ma'aikata ke faɗawa kuma shi ne kayan ɗanɗano. Daddawa a miya ba cin wake ba ne, ɗan garin kifin da aka barbaɗa ba cin kifi ba ne, madarar da aka ɗiga a shayi ba shan madara ba ce, duk waɗannan sifili ne, in aka saka su sai gidan da ke fama ya fito da makin gidan Alhaji.

Abokin tafiyarsa shi ne rCSI, tambaya biyar a kan dabarun da gida ya yi cikin sati saboda abinci bai isa ba: komawa abinci mai araha da ba a so, cin bashi ko neman taimakon dangi, rage yawan abin da ake zubawa, manya su haƙura don yara su ci, da rage sau nawa ake ci a rana. Haƙurin manya shi ke da nauyi 3, bashi 2, sauran ɗaya-ɗaya, ƙololuwa 56, shi kuma nan yawan maki shi ne sharri. Su biyun tare ba sa wuce minti goma sha biyar, ba ruwansu da darajar naira, kuma suna motsi cikin watanni, abin da kaya ba sa yi. Rauninsu, FCS ba ya faɗa maka yawan abin da aka ci, loma biyar da kwano cike duk kwana ɗaya ne, ba ya faɗin wa ya ci naman, mai gida ko yara. Tambayoyin rCSI kuwa akwai kunya a ciki, Bahaushe bai cika son ya ce gidansa an kwana ba a ɗora ba, musamman in ma'aikacin ɗan garin ne ko namiji ne a zaure mai gida na sauraro. Mace za ki tura ta shiga ciki, wadda ba ƴar unguwar ba.

Ban manta da hanyar tara mutanen gari su jera kansu da kansu ba, su faɗi wa suke kira mai hali, wa ke da rufin asiri, wa ke fama. Da irin wannan aka gina rajistar talakawa ta ƙasa da aka riƙa biyan naira 5,000 a wata da ita. Abin da nake so da ita alamomin da take fitarwa, don a nan za ka ji an ce talaka shi ne wanda hatsinsa ke ƙarewa kafin damina ta yi nisa, wanda ke barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani lokacin noman farko, wadda ta fita daga adashi don ta kasa zubi. Ba fom ɗin Turawa da zai ba ka waɗannan. Amma a matsayin ma'aunin canji ba ta da ƙarfi, in an san akwai rabo kowa talaka ne har ƙanin mai unguwa, kuma mai halin wani ƙauye a Birnin Gwari talakan wani ne a Zariya. Ki yi ta sau ɗaya da farko don ki samo tambayoyi, ba don ki samo lamba ba.

Yanzu abin da ya fi zaɓen ma'auni muhimmanci, kuma a nan ne ni kaina na taɓa yin abin kunya. Wata ƙungiya da na yi wa aiki, kuɗi suka makara, muka yi zagayen farko a watan Agusta, tsakiyar lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabo bai nuna ba, muka yi na ƙarshe a Disamba ana tsakar kaka, ga masara ga wake ga biki ko'ina. Rahoto ya yi kyau har ana tafa mana, makin abinci ya tashi, cin bashi ya sauka. Ni na san ba mu ba ne, kaka ce. Ko ba mu je garin ba haka zai fito. Tun daga nan ba na yarda a kwatanta wata da wani watan daban, in Yuli aka fara to Yulin baɗi za a koma, kuma a kauce wa azumi da satin sallar layya da Kirsimeti a kudu, in ba haka ba kowane gida zai ce ya ci nama kwana bakwai. Masu binciken aikin gona na Samaru a Zariya sun gane wannan tun tuni, David Norman da mutanensa a shekarun 1960 da suka yi nazarin ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi ba zuwa ɗaya suka yi ba, shekara guda suka yi suna komawa gidajen a kai a kai.

Ko watan ya zo ɗaya ma, shekara ba ta zuwa ɗaya. Wanda ya auna a farkon 2023 ana wahalar takardar kuɗi, ya koma bayan cire tallafin mai na 29 ga Mayu, me zai ce aikinsa ya yi? Wanda ya tallafi manoman citta a Kachia da Jaba a 2023, shekarar da cuta ta cinye gonaki, lambarsa za ta nuna an ci baya, alhali mai yiwuwa waɗanda bai taɓa ba sun fi faɗuwa. Maganin shi ne gidajen kwatance, waɗanda suka yi kama da naku amma ba su samu ba, a auna su lokaci ɗaya da tambaya ɗaya. Haka ƙasar Meziko ta yi da shirin Progresa na ba talakawa tallafin kuɗi da ta fara a 1997, ƙauyuka 506, aka yi ƙuri'a 320 suka fara karɓa 186 suka jira, shi ya sa har yau ake kafa hujja da sakamakonsa. Hajiya ta ce ita ba za ta iya zuwa gidan mutum ta yi ta tambaya ba ta ba shi komai ba, na ce ai ba sai kin hana kowa ba, mata 200 kika rubuta kuɗin mata 100 kawai gare ki bana, to ki yi ƙuri'a a bainar jama'a gaban mai unguwa da liman, 100 su karɓa yanzu 100 baɗi, ki auna duka 200 ɗin. Ƙuri'ar ma za ta raba ki da zargin son kai.

To in rijiya ko burtsatse kuka gina, duk waɗannan ba su ne farko ba, ku tambayi minti nawa ake yi zuwa ɗebo ruwa da nawa ake ba mai ruwa a rana da gudawar yara cikin sati biyu. In taki da iri ne, buhu nawa aka samu a gona da wane wata hatsin gida ya ƙare. In shiri ne na shekara biyar mai kuɗi, ku yi cefane cikakke ku haɗa da kaya, ku nemi hukumar ƙididdiga ta jiha ko mutanen jami'a a Zariya su riƙe muku lissafin. Ita kuwa Hajiya da awakinta, fom ɗin da muka zauna muka tsara shafi biyu ne: sunayen masu ci a tukunyar don kar adadin ya canza a hannun wani, FCS da layin 28 da 42, rCSI, dabbobin matar ita kanta daban da na mijin tare da abin da ya faru da kowace akuya, ko tana zubin adashi da nawa take zubawa, sai farashin tiyar masara a kasuwar unguwa ranar da aka yi tambayar don a iya mayar da zubin zuwa tiya. Za su fita sati na biyu na Yuli, ƴan mata huɗu ta samo daga Kurmin Mashi, ranar Asabar zan je in koya musu maganar daddawa.